Daga Superman Zuwa Baban Larai: Wa Ke Cin Kuɗin Sadaukai?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi.

Maganar finafinan sadaukan Amurka nake so mu yi, su Spider-Man da Iron Man da Black Panther. Yau ko a Bakori ko Danja ko Ƙafur ka karɓi wayar matashi, da wuya ka rasa ɗaya daga cikinsu. A shekarar 2019 fim ɗin Avengers: Endgame shi kaɗai ya tara kusan dala biliyan 2.8 na kuɗin tikiti a duniya, biliyan 1.2 daga ciki a kwana biyar na farko. Finafinan da kamfanin Marvel ya jero tun daga 2008 kuwa, in aka haɗa su, sun haura dala biliyan 30. Mu ma mun kalla, wasunmu sau uku sau huɗu. Amma abin da ya fito daga Funtua da Malumfashi ya shiga waccan dukiya, in ma akwai, bai taka kara ya karya ba. Wani zai ce to ina ruwanmu, Amurka ta ci kanta. Ruwanmu shi ne, masu yi mana namu finafinan na Hausa ma haka muke musu.

Abin da tarihin harkar nan ya nuna shi ne, wuri biyu kuɗin ke taruwa: hannun wanda ya mallaki labarin a takarda, da hannun wanda ke tsaye bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Mu 'yan ƙasar auduga bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba, don mun gani a gonakinmu. Zan zo kan audugar, amma bari mu fara daga tushe.

DALA 130

A shekarar 1938 wasu samari biyu 'yan birnin Cleveland, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, suka kai wa wani kamfanin ɗab'i labarin wani mutum da ya faɗo daga wata duniya, harsashi ba ya huda shi, yana ɗaga mota kamar faifai. Shi ne Superman. Dukkansu 'ya'yan baƙin haure ne talakawa, ga Amurka a lokacin tana cikin matsin tattalin arziki. Kamfanin ya ba su dala 130, suka sa hannu suka sallama haƙƙin mallakar jarumin kacokan. Aka buga labarin a mujallar zane mai suna Action Comics, ana sayar da ita santi 10, kuɗin alawar yara.

Kasuwa ta buɗe. Batman ya biyo baya a 1939. A farkon 1941 aka fito da Captain America, a bangon mujallar yana naushin Hitler, tun Amurka ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba. Ku lura da wannan: lokacin yunwa da tsoro ne aka haifi sadaukan nan. Mutanen da suka ji ba su da ƙarfi su ne suka fi son labarin wanda zai zo ya tsaya musu.

Su kuma masu ƙirƙirar fa? Siegel da Shuster sun yi ta shari'a suna faɗuwa. Shuster idonsa ya raunana, ya koma ƙananan ayyuka don ya ci abinci. Sai a 1975, da ake shirin babban fim ɗin Superman, surutu ya yi yawa, kamfanin Warner ya ji kunya ya yanka musu dala 20,000 kowannensu duk shekara, aka maido da sunansu kan aikin. Bill Finger, wanda ya yi babban ɓangare na aikin ƙirƙirar Batman, ya mutu a 1974 ba shi da komai, sai a 2015 aka fara rubuta sunansa a finafinan. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya tak na waccan mujalla ta santi 10 a kan dala miliyan 6. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

KAMFANIN DA YA KARYE YA TASHI

Marvel, abokin hamayyar masu Superman, ya yi tashe ne a shekarun 1960, lokacin da Stan Lee da Jack Kirby da Steve Ditko suka fito da Spider-Man a 1962, da su Hulk da Iron Man da X-Men, sannan Black Panther a 1966. Dabararsu ita ce su ba sadauki irin matsalar kowa. Spider-Man maraya ne a hannun gwaggonsa, kuɗin haya na gagararsa. Yaro ya karanta ya ga kansa.

Duk da haka a Disambar 1996 Marvel ya karye, har ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. A waɗannan shekaru ya yi ta sayar da izinin yin fim da jarumansa: Spider-Man ya tafi hannun Sony, X-Men hannun Fox. Da Spider-Man ya fito a 2002 ya zama fim na farko da ya haura dala miliyan 100 a ƙarshen makon farko a Amurka, ya ƙare da sama da miliyan 800 a duniya. Abin da ya isa hannun Marvel daga ciki ɗan tsiraru ne. Suna ji suna gani wasu ke girbe gonarsu.

Nan suka yi karatun ta-natsu. A 2005 suka ciyo bashin dala miliyan 525 daga Merrill Lynch don su riƙa yin finafinansu da kansu. Kun san me suka ba da jingina? Ba gini ba ne, ba fili ba ne. Haƙƙin yin fim da wasu jarumansu, su Captain America, shi suka ajiye. Wato banki ya karɓi tatsuniya a matsayin kadara, saboda tana da takarda kuma an san mai ita. Iron Man ya fito a 2008 ya tara kusan miliyan 585. A 2009 Disney ya saye Marvel a kan kimanin dala biliyan 4. The Avengers na 2012 ya kawo biliyan 1.5, Black Panther na 2018 ya kawo sama da biliyan 1.3.

Sirrin da suka riƙe mai sauƙi ne. Kowane fim yana ajiye maka ƙugiya zuwa na gaba, kamar yadda marubutanmu ke cewa a nemi littafi na biyu. Sannan ga ƙofofi: Amurka na da dubun dubatar majigin sinima, Sin ta haura 80,000. Kowane tikiti ana ƙirga shi, ranar Litinin kowa ya san nawa fim ya kawo, gidan sinima ya ɗauki kusan rabi, sauran ya koma ga masu fim. Wannan lissafin ne ke sa mai kuɗi ya yarda ya zuba sama da dala miliyan 350 a fim ɗaya, kamar yadda aka yi wa Endgame. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

MU KUMA DA MAJIGI MUKA FARA

Yanzu mu dawo gida. Fim bai shigo ƙasar nan ta ƙofar tikiti ba. Da mota ya zo, motar gwamnatin Turawa mai ɗauke da janareto da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fadar hakimi ko filin makaranta bayan sallar isha, mai bayani na riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a. Shi ne majigi, kuma kyauta ne. Ana nuna tsabta da allurar rigakafi da tafiye-tafiyen manya, sai kuma noma.

Fim ɗin majigin da dattawanmu suka fi tunawa shi ne Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka yi a nan ƙasar Daudawa, inda Turawa ke da gonar irin auduga. Jaruminsa manomi ne da ya bi shawarar malaman gona ya samu amfani. To ga shi nan: sadaukin farko da muka gani a allo da harshenmu, aikinsa shi ne ya koya mana noma auduga da kyau.

Audugar kuma ta wa? Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Mancesta a 1902, shi ya kakkafa injinan gurza a Zariya da Funtua da Malumfashi da Gusau. Har yau akwai unguwa a Funtua da ake kira da sunansa. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya ratsa Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Manomi ya yi huɗa, ya yi noma, ya yi tsinka, ya kai fuloti, a auna a ba shi farashin da ba shi ya yanka ba. A gurza, a ɗaure, jirgi ya kwashe, bayan wani lokaci ta dawo masa a matsayin akoko da atamfa da tsadar da ta ninka. Sai a 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, ta Funtua kuma a ƙarshen shekarun 1970, muka fara ɗanɗana ribar da ke bayan gurza. Mun kuma ga abin da ya samu masaƙun Arewa da kayan waje suka cika kasuwa.

Siegel da Shuster manoman auduga ne, su ma a fuloti suka sayar. Marvel na 1996 ma haka. Marvel na 2008 shi ne wanda ya gina tasa masaƙar.

LOKACIN DA MUKE DA ƘOFA

Kada a ce Bahaushe bai taɓa biyan kuɗin kallo ba. Ya biya, shekara da shekaru. A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, 'yan kasuwar Lebanon ne suka jagoranci harkar. Ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, Allah Ya jiƙan musulmi. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin ishara, kuma tun daga nan tabon bai bar sunan sinima ba. Duk da haka an buɗe Palace a cikin birni a 1952, daga baya ga su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba da Wapa. Manyan garuruwan Arewa duk suka samu nasu.

Me ake kallo? Kaboyi, Indiya, da Canis. Mother India na 1957 ya yi shekaru aru-aru ana maimaita shi yana cika gida. Bruce Lee ya zo a farkon shekarun 1970, yara suka koma tsalle da ihu a lungu. Har laƙabi aka raɗa wa jarumai: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Kowane yaro ya san doka: ekta ba ya mutuwa, bos sai a ƙarshen fim. Wato ɗanɗanon da Marvel ke sayarwa yau, mu mun daɗe da shi. Sai dai ko a lokacin, finafinan na waje ne, masu shigo da su da masu gidajen su ke kwashewa.

Bidiyo ne ya fara kashe sinima, kowa ya koma kallo a ɗaki. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan masana'antar da aka raɗa wa Kannywood a 1999 ta taso. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai aka ci gaba da sharuɗɗa. Tsofaffin sinimu suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma shaguna da wuraren taro.

Abin lura shi ne, Kannywood ta girma ba ta da ƙofa. Kaset ne, sannan faifan CD, ta hannun 'yan kasuwa. Furodusa ya ci bashi ya yi fim, ya kai kasuwa, kafin ya maida kuɗinsa masu kwafi sun cika gari. Da wayar hannu ta zo sai CD ɗin ma ya mutu. Yanzu zamanin 'yan tura ne: ka miƙa waya ko memori a shago, a zuba maka fim goma da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, Hausa da Indiya mai fassara da Avengers duk a haɗe. Yaron shagon yana neman abincinsa, ban zarge shi ba. Amma wanda ya rubuta labarin da wanda ya zuba jari, ko ƙwandala ba ta isa gare su ta wannan hanya. Shi ya sa kowa ya gudu YouTube da tashoshi irin Arewa24 da aka buɗe a 2014. Su Labarina da Izzar So sun nuna akwai miliyoyin masu kallo, sai dai abin da talla ke biya kan mai kallo a Najeriya kaɗan ne ƙwarai. Sau nawa muka ga bidiyon tsohon jarumi yana jinya ana nema masa taimako? Labarin Shuster ne da Hausa.

BILIYAN ƊAYAR LEGAS

A kudu an sake gina ƙofar. Silverbird ya buɗe sinimar zamani a Legas a 2004, wasu suka biyo baya. Black Panther: Wakanda Forever, wanda ya fito a Nuwamban 2022 bayan rasuwar jaruminsa Chadwick Boseman a 2020, shi ne fim na farko da ya haura naira biliyan 1 a kasuwar sinimar yankinmu. Disney sun san abin da suke yi: sun sa mawaƙan Najeriya irin su Tems da Burna Boy da Rema a waƙoƙin fim ɗin, sun zo har Legas sun yi bikin fitowarsa.

A lissafin duniya wannan biliyan ba komai ba ce. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 859, rabon Najeriya bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A Janairun 2024 fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya haura biliyan 1 shi ma, ya wuce Wakanda, ba sadauki mai tashi sama, ba kwamfuta mai tsada, labarin wata uwa ce da 'ya'yanta biyar. Ƙofar da aka gina ana nuna fim ɗin Amurka, ita ce 'yar gida ta bi ta ci kasuwa. Kuma duk majigin sinimar Najeriya ɗaruruwa ne kaɗan, akasarinsu a Legas da Abuja da manyan biranen kudu.

A Arewa an gwada. An buɗe sinimar zamani a Ado Bayero Mall a Kano a tsakiyar shekarun 2010, finafinai irin Mansoor na Ali Nuhu suka shiga a 2017. Amma gida ɗaya ko biyu a Kano ba za su ɗauki nauyin masana'anta ba. Mutumin Dandume ba zai shiga mota zuwa Kano don kallon fim ba. A 2016 kuma maganar gina alƙaryar fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji ta rushe saboda adawar malamai da jama'a. Damuwar tarbiyya gaskiya ce, ba abin raini ba ne, kuma 'yan fim na da nasu laifin a ciki. Sai dai mu tambayi kanmu: da muka rufe ƙofa, kallon ya tsaya? Ya dai koma cikin waya, ƙarƙashin bargo, inda ba uba ba malami ba hukumar tacewa. Ita kanta Saudiyya, bayan shekara 35 ba sinima, ta sake buɗewa a Riyad a Afrilun 2018, kuma da Black Panther aka buɗe.

SADAUKANMU NA NAN A AJIYE

Wani zai ce ai ba mu da irin jarumansu. Wallahi muna da su, kuma da yawansu daga lardin nan suka fito. A gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, ya rubuta Ganɗoki, mayaƙin da ya kara da Turawa ya kuma shiga duniyar aljannu. An buga shi a 1934, shekara huɗu kafin Superman. Ƙanensa Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi: yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, wasu baƙi suka zo ya samu lafiya da ƙarfin da ya fi na kowa, ya hau dokinsa Ƙwalele ya tafi kare birnin Kib. Duk wanda ya yi firamaren da ya san shi. Asalin labarin na Rasha ne, na sadaukinsu Ilya Muromets, kuma su Rashawan sun yi masa gagarumin fim tun 1956. Malam Ahmadu ya aro ya ɗinka masa rigar Hausa har ba ka gane baƙo ne. Marvel ma haka suka aro Thor daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai.

Ga Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Ga Sarauniya Amina ta Zazzau. Ga 'yan tauri da mafarauta da 'yan dambe irin su Shago, wanda Ɗan Anace ya mayar gagarabadau da bakinsa. Shi kansa Mamman Shata da ya zauna a Funtua, aikin da ya yi ke nan tsawon rayuwarsa har ya rasu a 1999: ya ɗauki direba ko hakimi ko ɗan kasuwa ya ɗaga shi, sunansa ya zaga duniya. Ga littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da matasa suka yi ta haya suna karantawa littafi na ɗaya zuwa na huɗu. Jerin labari mai ƙugiya da Marvel ke taƙama da shi, a teburin mai hayar littafi muka san shi.

Kuma kasuwar na nan. Ku dubi yadda Baahubali ya karɓu a nan da aka fassara shi, yadda sunan Algaita ya zama gishiri a bakin yara. Kashi na biyu na Baahubali a 2017 shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya haura rufi biliyan 10, kuma ba daga Mumbai ya fito ba, daga masu harshen Telugu ne. Labarin sarauta ne da cin amana da ɗan da ya dawo karɓar gadon ubansa. Wane gari ne a ƙasar Hausa ba shi da irin wannan a tarihinsa? Mai Martaba na 2024, wanda Najeriya ta miƙa gasar Oscar, ya taɓo wannan fagen, haka fim ɗin Amina da ya hau Netflix a 2021. Wasu matasan kudu kuma sun yi nisa a zane: kamfanin Kugali ya yi Iwájú tare da Disney a 2024.

Kada kuma mu ɗauka kuɗi kaɗai ke yi. A 2023 fim ɗin The Marvels ya tara kimanin dala miliyan 206, abin da bai kai kuɗin da aka kashe wajen yinsa ba, mafi ƙanƙanta a jerin finafinan kamfanin. Mutane sun fara ƙosawa. Manomi ya san dalili: ka shekara goma kana zuba masara a gona ɗaya ba hutu ba canji, ƙasa za ta gaji. Masu yi mana soyayya da rawa da kishiya a kowane fim, wannan darasin har da su.

ABIN DA KE KAN FAIFAI

Na ce a sama lokacin tsoro ake haihuwar sadaukai. To wane yanki ne ya fi namu sanin tsoro a shekarun nan? Tun daren 11 ga Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, har gonakin Faskari da Sabuwa da Dandume da aka bari ba a nomawa. Yaron da ya tashi a cikin wannan dole ya nemi wanda zai kalla ya ce ina so in zama kamarsa. In ba mu ba shi ba, waya za ta ba shi: ko Bature mai rigar ƙarfe, ko kuma, Allah Ya kiyaye, ɗan bindiga mai baza kuɗi a TikTok. Alhali muna da waɗanda suka tsaya wa garuruwansu da ransu, da malamar da ba ta rufe aji ba, da direban da ya kwashi masu rauni cikin dare. Ba wanda ke ba da labarinsu yadda yaro zai so ya kalla, don ba wanda zai zuba jari inda ba a ƙirga riba.

Ga abin da nake gani, mai gyara ya gyara.

Na ɗaya, marubuta da masu zane da mawaƙa, a daina sayar da labari a fuloti. A rubuta yarjejeniya, a ba da izini na wa'adi, a riƙe asalin mallaka. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, a nemi lauya ya karanta kafin a sa hannu a komai. Wanda ya rubuta labarin fim a biya shi sau ɗaya a sallame shi, ya tuna da dala 130.

Na biyu, ƙofar muna da ita, ba mu lura ba ne. Kowace unguwa a Funtua da Malumfashi da Bakori akwai gidan ƙwallo, matasa na biya suna shiga duk Asabar da Lahadi ba gardama. Ranakun da ba wasa benci ne kawai ke zaune. In masu fim da masu gidajen kallo suka zauna, a fitar da sabon fim a nan kafin ya hau waya, a raba kuɗin ƙofa a rubuce, a sanar da adadin a fili duk mako, cikin shekara biyu za a san wane labari ne ke kawo kuɗi. A sa lokacin rana na iyali, a ware wa mata nasu, hukuma da malamai su ga abin da ake nunawa. Wannan ya fi tsabta a kan abin da ke yawo a memori.

Na uku, masu kuɗinmu da ke tara masara da waken suya a sito suna jiran farashi, ku san labari ma kadara ne, kuma shi ƙwari ba sa ci. Ba sai an fara da fim mai tsada ba. Superman da takarda da tawada ya fara. Yaran da ke zana Spider-Man a bayan littafin makaranta, a ba su aiki su zana namu, da izinin masu haƙƙin littattafan.

Na huɗu mu ne masu kallo. In fim na Hausa ya burge ka, kalle shi a tashar mai shi. Kada ka karɓa a tura maka, kada ka tura wa wani.

Auduga ta riga ta koya mana cewa mai noma daban, mai cin riba daban. Ba sai an maimaita mana da labaranmu ba. Dattawan da suka ga majigin Baban Larai da idonsu, ko suka yi zamanin sinima a garuruwanmu, don Allah a ba mu labari a ƙasa, a faɗi gari da shekara da kuɗin shiga, mu tara tarihin tun masu shi na raye.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya ba manomanmu damina mai albarka. Amin.